Ƙwallon da Na Soke wa Garinmu

Gwiwata ce ta mayar da ni rafali. Da can ni ɗan wasan gaba ne a ƙungiyar ƙauyenmu, wani ɗan gari a bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, kuma ba yabon kai ba, ina da gudu. Wata rana da rani ina ɗauke da kwandon tumatir a ka, na zo tsallake magudanar ruwa, santsi ya kwashe ni, gwiwar ta yi ƙara kamar an karya kara. Mai ɗori ya yi iya yinsa, na miƙe na koma gona. Gudu a miƙe ƙafar tana yi har yau, amma in juya da ƙwallo in yanke mutum, wannan kam an gama.

Sai na koma zaman bakin fili ina zagin rafali kamar kowa. Wanda ya fi hura mana wasa a lokacin wani malamin motsa jiki ne na makarantar sakandaren da ke kusa da mu. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a cikinmu har yana da gonar albasa, kowa Ticha yake ce masa. Tsufa ya fara kama shi, ba ya iya bin wasa yadda ya kamata. Wata yamma ya bar wata ƙeta ta wuce, na ɗaga murya na ce, “Ticha, wai ba ka gani ne?” Da aka tashi ya tako har inda nake zaune, ya cire usur daga wuyansa ya rataya mini.

Ya ce, “Tunda kai kana gani, ranar Asabar kai za ka hura.”

Na hura ranar Asabar ɗin, na kuma sha kunya. Na ba da fenariti, 'yan wasa suka yo kaina, na yi ta ja da baya har na kusa faɗawa cikin 'yan kallo, na ce to an fasa. Ɗaya ɓangaren suka taso, na ce to a buga. Ba a ƙarasa wasan ba. Kwana uku ina bin bayan gari in za ni gona.

Da na kai wa Ticha usur ɗinsa bai karɓa ba. Cewa ya yi in hau bayan babur. Ya kai ni wani gidan kallo a Kura, bayan la'asar, ana nuna wani babban wasa na ƙasashen Turai. Muna zama ya ce, “Yau ba ruwanka da ƙwallo. Mai usur za ka kalla, daga farko har ƙarshe.”

Wani dogon Bature ne, mai sharhi ya ce daga ƙasar Holan yake. Da farko ban ga abin kallo a jikinsa ba. Sai can ya ba wani shahararren ɗan wasa kati, mutum shida suka kewaye shi, kowa bakinsa a buɗe, jijiyar wuya a tashe. Na zuba ido in ga yadda zai kuɓuta. Ko taku ɗaya bai ja baya ba. Ya mayar da hannayensa baya ya harɗe, ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai jiran yara su gama kuka. Sannan ya yafito kyaftin da yatsa, ya faɗa masa magana ba ta fi kalma biyar ba, ya nuna inda za a ajiye ƙwallo. Suka watse.

Ticha ya ce, “Ka gani? Ba ya jin tsoro ne kake tsammani? Yana ji. Ƙafarsa ce kawai bai bari ta nuna ba.”

Daga ranar na zama ɗan gidan kallon nan, amma ni rafali nake zuwa kallo. In na ji Baturen nan ne zai hura, ko ina tsakiyar dashe sai na wanke ƙafa na tafi. Mai gidan kallon ya gane ni, ya riƙa duba mini labarinsa a waya. A nan na ji cewa shi ma a ƙananan filayen ƙauye ya fara, cikin ruwan sama da sanyi, iyayen yara suna zaginsa daga bakin fili. Ya yi shekaru yana hawa mataki-mataki kafin a ba shi wasan ƙasa da ƙasa, kuma duk da haka yana da sana'arsa da yake komawa in ya ajiye usur. Na kuma ji cewa ƙasarsu ma duk kanal ce da ƙofofin ruwa kamar tamu. Wannan ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya bayani. Na ce ashe wanda ya san rigimar rabon ruwa ne, shi ya sa ihu ba ya girgiza shi. Ban sani ba ko ya taɓa riƙe fartanya, amma haka na ɗauka a raina.

Ticha ya ba ni tsohon littafinsa na dokokin wasa, duk ya sha salatif. Turancina na aji uku ne, amma na bi shi layi-layi, inda ya gagare ni in same shi a gonar albasa ya warware mini. Na yanko kwali biyu, matata ta lulluɓe ɗaya da jan ƙyalle ɗaya da rawaya ta ɗinke. Na koma fili. Ranar da aka fara yo kaina na harɗe hannu a baya na tsaya, wani ya ƙwala daga cikin 'yan kallo, “Kai, ku ga mutumin Holan!” Aka kwashe da dariya. Sunan ya bi ni. Da ba'a aka fara shi, amma wasan ranar an ƙarasa shi, na kuma tafi gida ta tsakiyar gari.

Shekara huɗu ina hurawa kafin abin da nake son faɗa ya faru.

Duk shekara idan an gama kwashe shinkafa akan yi gasar kofi tsakanin garuruwan da ke shan ruwan kanal. A shekarar garinmu ya kai wasan ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba. Wanda ya kai mu kuwa ɗan yayana ne, saurayi ɗan shekara goma sha tara, lambar da na bari ita ya gada, kuma ya fi ni nesa ba kusa ba. A hannuna ya koyi tare ƙwallo. Abokan karawarmu wani gari ne daga ɓangaren Bunkure.

Ka'ida ita ce a kawo rafali daga waje. An kira wani daga Madobi, da safiyar ranar ya aiko cewa an yi masa rasuwa. Kwamitin gasa suka rasa yadda za su yi, ga jama'a sun fara taruwa. Abin mamaki, shugaban ɗaya ƙungiyar ne ya ce, “A ba mutumin Holan. Mun yarda da shi.” Na ce a'a, garinmu ne, kuma ɗana yana ciki. Ticha yana cikin kwamiti, ya dube ni ya ce, “In ka san ba za ka iya ba, faɗi yanzu. In ka shiga fili kuma, ba ka da gari.” Na ce a kawo ƙwallo.

Ina ɗaura takalmi Yaya ya zo ya tsaya a kaina. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, kuma gonarsa ce a sama da tawa a kan magudana ɗaya. Bai ce in yi coge ba, ba zan yi masa ƙage ba. Cewa kawai ya yi, “Ka dai san akwai mutanen Kano masu neman 'yan wasa da suka zo ganin yaron nan.”

Na ce, “Na sani, Yaya.”

“To, shi ke nan.”

Filin makarantar firamare ne, an ja igiya an kewaye. Mutane har kan katanga da bishiyoyin darbejiya, wasu a tsaye kan buhunan ƙaiƙayi. An je hutun rabin lokaci ɗaya da ɗaya. Tun kafin hutu na ba ɗan yayana katin gargaɗi saboda ya ja rigar wani, ba wanda ya ce uffan, don kowa ya gani. Aka dawo, wasa ya yi zafi, har saura kamar minti uku a tashi. Garinmu ya sami bugun kwana. Aka bugo, ƙwallo ta taso sama, mutane suka yi tsalle a dunƙule a bakin raga. Ina tsaye a gefen da babu kowa a gabana. Na ga kan yaron bai kai ba, saura kaɗan. Na ga ya ɗaga hannun hagu a jikin kunnensa ya ture ta. Ta shige raga.

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Igiya ta tsinke, mutane suka kwararo cikin fili, mai riƙe tuta ya riga ya ruga tsakiya don shi bai ga komai ba. Ko 'yan ɗaya ƙungiyar, golansu ne kaɗai yake dukan hannunsa yana nuna mini, shi ma ba da ƙarfin gwiwa ba. Da na nuna tsakiyar fili, da ba mai tuhumata har abada. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Na hura usur, dogo, har sau uku kafin a ji. Na nuna hannu, na nuna inda za a ajiye ƙwallo. Sannan na kira yaron. Ya taho yana haki, idonsa cikin nawa, ya ce a hankali, “Baffa.” Na ɗaga masa rawaya, na ɗaga masa ja.

Abin da ya biyo baya ba na tuna shi a jere. Na san an watsa mini ƙasa a fuska. Na san wani wanda muka yi makarantar allo tare ya zagi mahaifiyata, alhali ita ta riƙa yi masa wanka da hannunta yana jariri lokacin da uwarsa ba lafiya. Na san robar ruwa ta same ni a ƙeya. Na harɗe hannu a baya, na kafa ƙafa. Na ce da kyaftin ɗinmu, “Minti biyu na ba ku a fitar da mutane. In ba haka ba na tashi wasa, kofi na waɗancan ne.” Ya san zan aikata. Da shi da 'yan sintiri suka tura jama'a baya. Aka ƙarasa, aka je bugun fenariti, garinmu ya sha kashi.

Ticha ya ce in hau babur ya fitar da ni ta baya. Na ce ba inda za ni ta baya. Na rataya takalmina a kafaɗa na ratsa ta cikin kasuwa da ƙafa. Ba wanda ya taɓa ni. Ba kuma wanda ya amsa sallamata.

A gida matata ta ajiye mini ruwa, ta tsaya tana kallon ƙasar da ke cikin gashina. Ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah, hannu ne?”

Na ce, “Hannu ne.”

Ta ce, “To, yi wanka ka ci abinci.” Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da matan gidan Yaya suka daina shigo mata, ko da gidaje uku suka daina kawo mata shinkafar da take turara musu su biya ta.

Bayan kwana biyu mai unguwa ya aiko kirana. Na tarar da dattawa a zaure, Yaya yana gefe ya sunkuyar da kai. Mai unguwa mutumin kirki ne, sulhu yake nema. Ya ce ba wanda ya ce a dawo da kofi, abin da ya wuce ya wuce. Abin da ake so kawai, bayan sallar Juma'a in tashi in ce wa jama'a idona ne ya gaza, a yi haƙuri. Zukata su yi sanyi, yaron ma sunansa ya wanku wajen mutanen Kano.

Na ce, “Ranka ya daɗe, in zagina da aka yi ne, na yafe. In ana so in ce na ji zafin rashin kofin nan, wallahi na ji, garina ne. Amma in tsaya a ƙofar masallaci in ce ban ga abin da na gani ba, wannan ba zan iya ba.”

Yaya ya ɗago ya ce, “Ɗanka ne fa.”

Na ce, “Da na wani ne ma haka zan yi masa, Yaya. Da na wani ne kuma da kai ka fara cewa na yi daidai.”

Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya fita. Mai unguwa ya ce in je in yi tunani. Na ce na gode, amma na riga na yi.

Sati na zagayowa muka shiga noman rani sosai, tumatir ɗina ya fara fure. Mu a magudanarmu kowa da ranar ruwansa, tawa Talata ce. Na je da sassafe na ga ko ɗigo bai iso ba. Na bi magudanar sama, na tarar an toshe ta da laka da buhun yashi daidai kan iyakar gonar Yaya da ta maƙwabcinsa, ruwan yana malala cikin ciyawa a banza. Na buɗe. Kafin in koma ƙasa an sake toshewa. Talata ta biyu ma haka. Ganye ya fara lanƙwashewa, fure yana zuba. Har yau ban san hannun wa ba ne, ban kuma ce na Yaya ba ne.

Talata ta uku ban je da sassafe ba. Na bari sai da hantsi ya dubi ludayi, lokacin da kowa yake gonarsa. Na saɓa fartanya na bi kan gaɓar magudana a hankali yadda kowa zai gan ni. Na janye buhun na jefar a hanya, na kwashe lakar, ruwa ya wuce. Sannan na tsaya a wurin. Na ɗaga murya na ce, “Yau Talata, ruwana ne. Ina nan har la'asar. Wanda yake da magana ya zo ya faɗa mini a fuska.” Na ga kawuna suna ɗagowa daga cikin albasa suna komawa. Rana ta dake ni har na ji jiri, gwiwar tana zogi, ban zauna ba. Ba wanda ya zo. Daga ranar ba a sake taɓa ruwana ba. Kashi ɗaya cikin uku na tumatir ɗin dai ya riga ya tafi.

A cikin watannin nan ne na ji a gidan kallo cewa Baturen Holan ya ajiye usur, shekarunsa sun kai. Suka nuno shi yana fita daga fili a wasansa na ƙarshe, 'yan wasa sun yi layi biyu suna tafa masa. Mai gidan kallo ya ce da ni cikin tsokana, “Kai kuma da ƙasa za a raka ka.” Na ce ai ni ban ce zan ajiye ba. Washegari na je wajen Ticha na ce ya nuna mini hanyar da ake bi a yi kwas ɗin alƙalanci a Kano. Na yi shi, ina zuwa ina dawowa a motar 'yan tumatir, na ci jarrabawar rubutu da ƙyar, ta gudu kuma da taurin kai. Da na sami shaida, garuruwan da suka ji labarin abin da na yi su suka fara nemana. Na hura a Dawakin Kudu, na hura a Madobi, na hura a cikin Kura. Garinmu ne kaɗai ya shekara uku bai kira ni ba.

Yaron kuwa mutanen Kano ba su ɗauke shi a shekarar ba. Wannan ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Wata biyar ba ya gaishe ni. Ran nan ina ban ruwa sai na gan shi ya shigo ya ɗauki fartanya yana buɗe wa ruwa hanya zuwa kwamin shuka. Muka yi aiki har azahar. Da muka zauna a inuwar mangwaro ya ce, yana kallon ƙasa, “Baffa, hannu ne.”

Na ce, “Na sani, ai ina wurin.”

Ya ce, “Amma ba zan iya faɗa wa Baba ba.”

Na ce, “Ban ce ka faɗa ba. Tsallenka ne yake makara. Ka riƙa tashi kafin mai tsaronka ya tashi.” Na nuna masa a nan cikin gona, da ƙafata guda mai lafiya. Shekarar da ta biyo baya wata ƙaramar ƙungiya a Kano ta ɗauke shi, ya buga mata kaka uku, yanzu yana koyar da wasa a wata makaranta yana kuma sayar da takin zamani.

Da Yaya sai da muka shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mahaifiyarmu ce ta gaji, ta kira mu ɗakinta ta ce ita ba ta san ƙwallo ba, ba ta kuma son sani, amma ba za ta mutu ta bar 'ya'yanta suna cin abinci a kwano daban-daban saboda wata fata mai iska ba. Muka koma cin tuwo tare. Ban ba da haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Bara aka yi sunan jikansa na fari, ɗan wannan yaron. Muna zaune a ƙofar gida ana rabon goro, hira ta biyo ta kan wasan nan, kamar yadda takan biyo duk inda mutanen garinmu suka taru. Yaya ya gyara zama, ya ce yadda kowa zai ji, “Ni dai har gobe ina nan a kan bakana. Da ka ya ci.”

Angon ƙarni yana tsaye da faranti a hannu, ya sunkuyar da kai. Na ɗauki goro na ɓare, na miƙa wa Yaya rabi.

Na ce, “Da hannu ne, Yaya. Na hagu.”